Ranar da Bayan Sule Ya Taɓa Ƙasa a Masar

Sanyi ne ya fara tarbarmu a Alƙahira. Ni duk tunanina ƙasar Larabawa rana ce da rairayi, shi ya sa ko mayafi ban ɗauko ba. Muna fitowa daga filin jirgi iska ta ratsa ni har ƙashi. Sule ya dube ni ina kyarma, ya yi dariya ya ce, "Baba, anya direban jirgin nan ba ƙasar Turawa ya sauke mu ba?"

Sule yarona ne a kokawa. Ni na ɗaura masa walki da hannuna tun yana bin awakin ubansa. A lokacin tafiyar nan ya zama cikakken namiji, kuma daga Gwadabawa zuwa Illela har tsallaken iyaka wajen Ƙonni, ba wanda bai san Sule Kututture ba. Ba shi da boko, ba shi da shanu, gonar gidansu ko wata shida ba ta ciyar da su. Abin da ya mallaka a duniya magana ɗaya ce: bayansa bai taɓa ƙasa ba. Da ita ake gayyatarsa gari-gari bayan girbi, da ita yake ciyar da uwarsa, da ita dattawa ke matsa masa wuri a tabarma. Ni kuwa na yi tawa kokawar a zamanina, na kayar an kayar da ni, har gwiwoyi suka ce sun gaji.

Wata ƙungiya ce ta kai mu. Jami'insu, Malam Nura, ya zo garinmu daga Abuja da mota mai tambari, yana Hausa yana tsarma Turanci. Ya ce sun gano cewa wasa yana raba matasa da ƙwaya da shiga daji, saboda haka za su gina mana fagen kokawa mai katanga da ɗakin koyon sana'a a gefe. Sai dai akwai wani taro a Masar inda masu ba da tallafi za su ga wasannin gargajiyar Afirka da idonsu, kuma yana son Sule da ubangidansa su je. Na yarda da shi, don a cikin maganarsa akwai gaskiya. Na ga yaran da kokawa ta riƙe, na kuma ga waɗanda ba su sami abin riƙewa ba.

Masaukinmu a wata unguwa yake da ake kira Faisal. Gidaje ne dogaye sun matse juna, rana ba ta sauka ƙasa sai ta yi tsaka. Aka hau da mu can sama a ƙafa, don na'urar hawan ta lalace, aka zuba mu a ɗaki da wasu 'yan kokawa daga Senegal da Sudan, katifu a ƙasa, tagar ba ta rufuwa. Malam Nura ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba. Ya raba mana riguna masu rubutu a ƙirji, ya ce duk inda za mu fita mu saka. Ta Sule ta matse shi har hammata ta tsage.

Na ce, "Malam Nura, ina taka katifar?"

Ya ce, "Ni ina unguwar Zamalek, Baba. Can ake mitin. Kusa ne, kada ka damu."

Ba kusa ba ne. Amma sai daga baya na sani.

A gidan nan mutum biyu suka riƙe mu. Na farko mai gadin gidan ne, wanda su ke kira bawwab, wani tsoho mai suna Ammu Sayyid. Ba ya jin Hausa, ni ba na jin Larabci sai na salla. Ya gan ni a kan matakala ina hura hannu, ya shiga ɗan ɗakinsa na ƙarƙashin bene ya fito da bargo, wanda na tabbata shi yake rufa da shi, ya yafa mini. Kullum da safe sai ya kira ni, "Ya Hag, shai!" wato Alhaji, ga shayi, ko da yake ban taɓa zuwa Makka ba. Mu zauna a benci mu sha shayi, shi yana nasa yare ina nawa, kowa yana gyaɗa kai.

Na biyu Malam Bashir ne, ɗan Damagaram, ya daɗe yana karatun addini a garin, yana zaune da iyalinsa a hawan da ke ƙasa da namu. Ya ji muna Hausa a matakala ya tsaya cak ya ce, "Kai! Mutanen ina?" Tun daga ranar ya zama bakinmu da kunnenmu. Abincin da ƙungiyar ke aiko mana wake ne dafaffe da gurasa, safe da rana. Sule ya ce da ya san wake za a zo ci a Masar da ya taho da na gida, ya fi girma. Ranar da matar Malam Bashir ta aiko mana da tuwo da miyar kuka, Sule ya kai loma ta farko ya juya fuska bango. Ni ma ban dube shi ba, don nawa idon ba a bushe yake ba.

Daga nan aka fara yawo da mu. Wata safiya aka kwashe 'yan kokawa aka kai su gaban manyan dalar nan na Giza don ɗaukar hoto. Sanyi kamar ya tsaga fata, aka ce su tuɓe daga su sai walki. Aka shafe su da mai. Mai hoton ya dubi Sule ya ce layunsa sun yi kaɗan, ba su nuna Afirka ba. Sai ga wata mata ta buɗe jaka ta fito da duwatsun wuya da wuri da wasu gashin tsuntsu, aka rataya masa kamar ɗan bori. Aka ce ya ɓata rai, ya zare ido. 'Yan yawon buɗe ido suka kewaye mu da wayoyi. Akwai wani raƙumi a gefenmu da ake hawa ana hoto, shi an lulluɓa masa bargo mai ado, Sule kuwa haƙoransa na haɗuwa. Raina ya ɓaci, amma na ce a zuciyata, ai don fagen garinmu ne.

Ana saura kwana kaɗan a rufe taro, Malam Nura ya aiko tasi ta ɗauke ni ni kaɗai zuwa Zamalek. Nan na ga wata Alƙahirar dabam. Itatuwa, tituna shiru, kogi na wucewa ta gaban gilashi. A zauren otal ɗin an jera abinci iri-iri, rabi ma an ci an bari. Bango cike da manyan hotunan matasa suna gudu suna dariya, amma a cikin zauren ban ga matashi ba sai masu ɗauke faranti. Aka zaunar da ni a kujera mai laushi. Malam Nura ya gabatar da ni ga shugaban masu tallafin, wani Bature mai furfura da ɗan tumbi, fuskarsa ba ta mugunta ba ce. Ya riƙe hannuna da hannu biyu. Malam Nura ya faɗa masa wata magana, na ga ya ƙara sunkuyawa. Da na tambayi Malam Nura, ya ce, "Ce masa na yi kai ne sarkin 'yan kokawan ƙasar Hausa duka." Ƙarya ce. Ban gyara ba, don ta yi mini daɗi.

Sannan ya ja ni gefe ya rage murya.

"Baba, wata 'yar alfarma ce. Mutumin nan yana saurayi ya yi irin kokawarsu ta can. Ranar rufewa yana son ya shiga fage, alamar zumunci. Sai ɗaya daga cikinku ya ɗan kama shi, a yi 'yar ja-in-ja, sannan ya saki jiki ya faɗi. A yi dariya, a tafa, ransa ya yi fari. In ransa ya yi fari, fagenku ya ginu. Halas, shi ke nan."

Ban ko nisa ba na ce, "Sule zai yi."

"Kuma kada ka ji komai," in ji shi. "Hoton can ƙasarsu za a nuna wa masu kuɗi. Wa zai gani a Gwadabawa?"

Na koma Faisal cikina cike da naman otal. Bayan la'asar na sami Sule a saman rufin gidan, tsakanin farantan tauraron ɗan'adam da ɗakunan tantabaru, yana motsa jiki. Na faɗa masa. Ya tsaya da abin da yake yi.

"Faɗuwa fa ka ce, Baba."

"Wasa ne. Tsoho ne, ba wanda zai ɗauka da gaske."

"Kai ka koya mini ba a faɗuwar wasa. Ka ce in an zuba ƙasa, an yi da'ira, mutane sun tsaya, wanda ya faɗi ya faɗi, ko santsi ne ya ɗauke shi."

"A gida ke nan. Nan Masar ce."

"Ƙasar Masar ba ƙasa ba ce?"

Na kawo masa zancen yaran garinmu, na lissafa masa waɗanda ƙwaya ta lalata, na ce katanga da ɗakin sana'a sun fi sunan mutum ɗaya. Ya ce ya ji, amma a nemi wata hanya. Ya ce zai ɗaga Baturen sama ya sauke shi a tsaye cikin mutunci, zai ma bar shi ya yi ta tura shi har bakin da'ira. Komai zai yi ban da kwanciya. Da na ga hujja ta ƙare mini, sai na ɗauko abin da bai kamata in ɗauko ba.

Na ce, "Sule, wa ya ɗaura maka walki?"

Ya sunkuyar da kai. A wajenmu ɗan kokawa yana iya musu da ubansa mahaifi, amma ba ya tsallake maganar wanda ya ɗaura masa walki.

Ya ce, "Kai ne, Baba."

"To na ce ka faɗi."

Ya ɗauki rigarsa mai tsagaggiyar hammata ya sauka.

An yi bikin rufewa a wani filin wasa a Giza. Ƙasar fagen daga wurin gini aka kwaso ta, har da tsakuwa a ciki, sai da 'yan kokawa suka duƙa suka tsince da hannu. Ba makaɗi ko ɗaya, wani kiɗa ne ke fita daga lasifika wanda ba na kowa ba ne. Ni aka sa ni a layin manya, na sha babbar riga, ga kwalbar ruwa a gabana.

Sule ya fara karawa da wani ƙato ɗan Senegal, kuma wannan kokawa ce ta gaskiya. Sun daɗe suna neman juna, ƙasa na tashi, kafin Sule ya shige ƙarƙashinsa ya ɗauke shi ya ajiye. Da a gida ne da mata sun yi guɗa har maƙwabtan gari su ji. A nan kuwa manyan baƙi suna can sun juya baya suna gaisawa, wasu na cin kek. Ammu Sayyid da Malam Bashir kaɗai na ji muryarsu daga can bayan shingen waya, don sun biyo mu a motar haya ba wanda ya gayyace su.

Da Baturen ya cire kwat da takalmi, sai kowa ya miƙe. Wayoyi suka tashi sama kamar an shuka su. Ya shiga da'ira yana dariya yana tafa cinya. Sule ya riƙe shi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Suka ɗan zagaya. Mutumin ya sa ƙafa yana neman taɗiye shi, ƙafar ko motsa Sule ba ta yi ba. Sai Sule ya ɗago kai ta saman kafaɗarsa ya nemo ni a cikin manya. Ya same ni. Na gyaɗa masa kai.

Ya tafi da baya ya kwanta.

Wurin ya kaure da tafi da shewa. Baturen ya ɗaga hannu sama, sannan ya miƙa wa Sule hannu ya tashe shi ya rungume shi. Na ce alhamdu lillahi, an wuce wurin. Sai ga Malam Nura ya rugo bakin da'ira yana yarfa hannu.

"Sule, Sule, yi haƙuri! Mai ɗaukar hoton bai samu da kyau ba, wani ya tare shi. A sake. Wannan karon ka ɗan jima a ƙasa."

Sule bai dube ni ba a karo na biyu. Ya kama, ya faɗi, ya jima a ƙasa kamar yadda aka ce, idonsa a sama. Tsakuwar da ba a tsince ba ta yanke shi a kafaɗa. Wata mata ta kawo masa lambar roba mai igiya ta rataya masa a wuya.

Washegari da hantsi Malam Bashir ya hawo da waya a hannu, fuskarsa ba daɗi. Ya ce, "Baba, ƙungiyar ta sa abin a shafinta tun jiya." Wani a gida ya riga ya yanko wurin faɗuwar kaɗai, ya sa yana maimaituwa, ya rubuta a ƙasa cewa tsohon Bature ya tumɓuke Kututture. Ba kokawar ɗan Senegal, ba rungumar, ba komai. Faɗuwar ce kawai, tana tafiya tana dawowa.

Kafin azahar saƙon ƙanen Sule ya shigo, da murya. Muna zaune duka muka ji. Ya ce, "Yaya, wai me ya faru? A kasuwar Illela kowa da shi a waya. Makaɗan abokan karawarka su Ɗan Gwamma sun riga sun sa shi a waƙa. Yara a ƙofar gida sai ɗaya ya taɓa ɗaya da yatsa, shi kuma ya zube yana cewa shi ne kai. Na yi faɗa har an fasa mini baki. Inna ta ce in tambaye ka ko ba ka da lafiya ne, ko wani abu suka ba ka ka ci."

Sule ya ajiye wayar a kan katifa. Ɗan Senegal ɗin da ya kayar, wanda ba ya jin ko kalma ɗaya ta Hausa, ya taso ya zauna kusa da shi ya dafa masa gwiwa. Shi ɗan kokawa ne, ba ya bukatar fassara. Can Ammu Sayyid ya hawo duk matakalar nan da shayi a tire, ya ajiye gaban Sule ya ce, "Ma'alish, ya ibni," wato yi haƙuri, ɗana. Shayin ya huce a wurin.

Da yamma Malam Nura ya zo da fasfo da tikitinmu, yana fara'a. Ya ce abin ya yi kyau ƙwarai, mutane da yawa sun kalla, Sule ya zama sananne a duniya.

Sule ya ce, "Ka ce ba za a gani a gida ba."

"To ai ni ba ni ke riƙe da shafin ba. Wani ofis ne dabam. Kuma talla ce gare ka, wallahi."

"Ka san abin da ka karɓe mini?"

Sule ya miƙe tsaye. Malam Nura ya ja baya har ya taka takalman da ke bakin ƙofa.

"Kai, dakata, kada ka ɗora mini! Ni ban ce kai ba. Cewa na yi ɗaya daga cikinku. Ga Baba nan, tambaye shi."

Sule ya juyo ya dube ni. Bai tambaye ni ba. Ya koma ya zauna.

Na yi ƙarfin hali na ce, "Malam Nura, maganar fagen fa?" Ya ce tana gaban kwamiti, za mu ji. Abin da muka ji, bayan damina ta zo ta wuce, buhu ne aka aiko garinmu cike da ƙwallayen ƙafa da irin rigunan nan masu rubutu. Ƙwallo, ga 'yan kokawa. Ko tubali ɗaya ba a ajiye ba har yau.

Ranar komawa na tashi na ɗaure kayana, na ga jakar Sule tana rataye a ƙusa yadda take. Malam Bashir ne ya faɗa mini a matakala, yana kauce wa idona. Ya ce Sule ya roƙe shi, ya samo masa aiki a wani gini da ake yi a bayan unguwar, ɗaukar yashi da bulo zuwa sama, kuma zai riƙa kwana da wasu ɗalibai 'yan Nijar. Ya ce, "Na yi masa nasiha, Baba. Na ce zaman nan ba takarda wahala ne. Ya ce ya fi masa sauƙi a kan ya ratsa kasuwar Illela."

Na mayar wa Ammu Sayyid bargonsa. Ya ƙi karɓa, na ƙi tafiya da shi, daga ƙarshe na ajiye masa a benci muka rungumi juna.

Sule ne ya ɗauki jakata, kamar yadda ya saba tun yana yaro, ya sauko da ita har bakin babban titi. Motoci na ta ihu, masu ƙananan bas suna leƙo kai suna kiran unguwanni. Muka tsaya muna jiran motar da za ta kai ni filin jirgi. Na shirya maganganu da yawa. Na so in ce masa mutane suna mantuwa, in ce zan tara gari in faɗi gaskiya, in ce ya dawo ya kayar da mutum goma a jere kowa zai yi shiru. Duk na san ba haka ba ne. Ko ya kayar da ɗari, makaɗi ba zai sake cewa bayansa bai taɓa ƙasa ba.

Shi ya fara magana, a hankali, ba da fushi ba.

"Baba, in tambaye ka wani abu?"

"Tambayi."

"Baturen nan sa'anka ne. Furfurarku ɗaya. Kai kuma ka sha faɗuwa a fage, da bakinka kake ba mu labari muna dariya. Da ka tuɓe rigar nan ka shiga, tsoho da tsoho, ka faɗi, ai da sun fi jin daɗi ma. Me zai ragu a jikinka?"

Da a ce na yi tunanin haka na ƙi, da ma akwai abin da zan ce. Gaskiyar ita ce ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba. A Zamalek an ce mini sarki, kuma tun daga lokacin ban sake ganin kaina a cikin masu tuɓe riga ba.

Motar ta iso. Ya buɗe baya ya sa jakar, ya buɗe mini ƙofa, ya riƙe hannuna har na zauna saboda gwiwa. Ya tattaro bakin rigata da ya zubo waje ya tura ciki.

Ya ce, "In ka isa ka ce wa Inna lafiyata lau. Ba abin da suka ba ni na ci."

Ya rufe ƙofar, ya bugi rufin motar da tafin hannu, ya ce wa direba, "Yalla."